Sunana a Kan Lissafin Jiki Uku

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarka ta nesa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Goggo da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Yaya idon? Inna ta ce likita ya ce sai an yi aiki, kai kuma kana ta ja masa rai kamar kai ka koya masa aikin. Ni lafiyata lau, ban da ciwon kai da ke zuwa in na daɗe gaban kwamfuta. Na san waya ba ta yi maka saboda nauyin kunne, abin da ke cikina kuma ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kawu, an yi mini sata, kuma ɓarawon, tebur ɗaya ne tsakanina da shi.

Bari in fara daga tushe, don na san ka, in ba a kawo maka lissafin ba ba ka yarda da kuka. Kai ka koya mana a kwaleji cewa in ƙwayoyi biyu ne ke riƙe da juna, kamar firoton da elektaron, lissafi yana ba da amsa cif. Da sun zama uku shi ke nan, ba mai warware shi daidai, sai dai a kusanta. Ko hiliyom da ake hura balan-balan da shi uku ne, cibiya da elektaron biyu. Hanyar da nake bi ita ce in zana siffar da nake zaton ukun sun zauna a ciki, in haɗa ta da sassa masu yawa, kwamfuta ta yi ta murza lambobin har makamashin ya sauka iyakar saukarsa. Hanyar tana da doka guda: adadin da ka samu ba ya taɓa sauka ƙasa da na gaskiya. Kamar zura guga a rijiya ne, kowane sashe da ka ƙara igiya ce, kana kusantar ƙasa amma guga ba ya huda ƙasan rijiya.

Nawa ukun nauyinsu ya bambanta, suna bakin iyaka, inda ba a tabbatar ba ko suna zama tare ko ɗayan ficewa yake yi. Akwai wani layi. In makamashinsu ya sauka ƙasa da shi, to a ɗaure suke. Tun zuwana jami'ar nan neman digiri nake rubuta manhajar kwamfutar da ke wannan lissafi da hannuna. Da na kai sassan sama da dubu, adadin ya faɗa ƙarƙashin layin. Kawu, na yi tsalle a ofis kamar yarinya.

Wanda ya ga tsallen shi ne ɗalibin da ke zama kusa da ni, wanda muke kira Ɗan Gaban Goshi saboda yadda Farfesa, malamin da ke duba aikinmu, ke ji da shi. Ya taya ni murna, ya ce in ba shi kwafin manhajar ya duba mini, ido biyu sun fi. Na ba shi. A makon ne aka tura ni tsaron jarrabawar 'yan aji ɗaya. Ina dawowa taron mako na rukuninmu, sai na tarar da lambobina a kan allo, shi tsaye a gabansu da alli a hannu, Farfesa yana ta gyaɗa kai. An riga an fara rubuta takardar da za a aika mujalla, da suna biyu a samanta, nasa da na Farfesa. Nawa yana can ƙasa cikin godiya, wai na taimaka da harkar kwamfuta.

Da muka fito na tare shi a bakin matakala. Ya shafa wa idonsa toka ya ce ai tunanin ƙara sassan nasa ne, a hira ya faɗa mini. Na juya na yi tafiyata, don da na buɗe baki da sai an kira masu gadi.

A gaishe da Goggo, a ce ta daina barinka kana karatu da ido ɗaya.

'Yarka.

Ɗiyata,

Amin gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya. Goggonki tana fama da gwiwa, ni ina fama da Goggonki. Ido kuwa na sallama, za a yi aikin, zan je birni in sauka gidan yayanki har ya warke.

Goggonki ce ta fara karanta mini takardarki, da ta zo wurin elektaron ta ce elektarik, na ƙwace na ƙarasa da kaina. Bayaninki na guga ya yi, da a aji ne da na ba ki maki. Sauran labarin kuwa ya hana ni cin abinci. Ko da zumuncinmu sai an zana a ƙasa kafin a gane ta ina muka haɗu, ke 'yata ce, ni na fara ɗora miki alli a hannu. Wanda ya taɓa ki ni ya taɓa.

Farfesanki na san shi tun ba shi da gemu. Ɗaki ɗaya muka kwana a jami'a, Dogo muke ce masa. Ba mugu ba ne, amma rago ne wajen duba abu. Duk wanda ya riga kawo masa labari shi ne mai gaskiya, kuma in an zo ɗaukar hoto ya san inda zai tsaya. Lissafi nawa na warware masa ya kai wa malami ko karantawa bai yi ba. Shi ya zama Farfesa, ni na ƙare ina kiwon kaji a bayan gida, ban taɓa cewa komai ba. Amma wannan karon ba zan naɗe hannu ba.

Shi kuma yaron nan mai taya murna, Allah ya haɗa shi da daidai shi. Na koyar da irinsu, su ne masu zama a layin gaba suna dariya tun malami bai gama ba'ar ba.

Ki faɗa mini abu ɗaya a fili: me kike so a yi? Kada ki ce mini ba komai, na san ki tun kina jifan yara da takalmi in sun taɓa miki littafi.

Kawunki.

Kawu,

Na gode, takardarka ta sa na yi dariya karo na farko tun faruwar abin. Allah ya sa a yi aikin idon a sa'a, ya ba Goggo sauƙin gwiwa. Ni ina nan, barci ne dai sai a hankali.

Na je wurin Farfesa. Ya ba ni kujera, ya saurare ni yana duba agogo. Ya ce duk rukuni ɗaya muke, nasarar ɗaya ta kowa ce, in yi haƙuri, takarda ta gaba da sunana za a fara. Ya ce mata suna da saurin ɗaukar abu da zafi. Na yi godiya na fito, na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ka tambaye ni me nake so. Haƙuri dai ba na so, an ba ni ya ishe ni. Akwai babban taron masana a ƙarshen zango, a nan Ɗan Gaban Goshi zai tsaya ya gabatar da aikin. Ina so kowa a zauren nan ya san aikin na wane ne. Ban yafe ba, kuma ba na neman a roƙe ni in yafe.

Ina cikin wani gwaji, in ya kammala zan rubuto.

'Yarka.

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan an yi aikin lafiya. Na ji ka shiru, na ce ko bandejin ne bai fita ba. Zan aika wannan gida kamar kullum, don ban san ko ka koma ba. Ciwon kaina ya tafi, kuma yanzu za ka ji dalili.

Allah ya kama mini shi, Kawu. Sakamakon nan da ya sata ƙarya ne.

Tun ranar da adadin ya faɗa ƙarƙashin layi wani abu ke yi mini ƙaiƙayi. Ya kamata ya riƙa sauka a hankali, kowane ƙari ya fi na baya ƙanƙanta. Wannan kuwa yana ta rarrafe sai kawai ya yi tsalle. Murna ta hana ni tsayawa a kai, daga baya kuma baƙin ciki ya hana ni. Da na natsu sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na ɗauki manhajar na gwada ta a kan hiliyom, wanda kowa ya san amsarsa, da sassa sama da dubu kamar wancan. Kawu, guga ya huda ƙasan rijiya. Adadin ya sauka ƙasa da na gaskiya, abin da dokar ta ce ba ya yiwuwa.

Na gano dalilin. In sassan suka yi yawa, waɗansu sukan yi kama da juna sosai har kwamfuta ta kasa bambanta su, don lambobi goma sha shida kawai take riƙewa, sauran ta yar. Daga nan sai ta fara raba abu da kusan sifili, ta fito da shirme mai kama da amsa. Na gyara, na sa ta riƙe ninki biyu na lambobin. Hiliyom ya dawo daidai. Ukun nawa kuma suka tsaya a saman layi, ko kusa ba su tsallaka ba. Ke nan ba mu da wata hujja cewa a ɗaure suke.

Na yi baƙin ciki na ɗan lokaci, don ni ma na so abin ya zama gaskiya. Sai na ɗaga kai na ga Ɗan Gaban Goshi yana zaɓen launin da zai sa wa zanensa na taro, yana fito. Tsohon kwafin ne a hannunsa. Bai san inda gwajin hiliyom yake a ciki ba, don ba shi ya rubuta ba, ya dai iya danna maɓalli. Farfesa kuma ka san shi.

Ga abin da zan yi. Zan yi shiru. Su aika takardarsu da sunayensu biyu. Ranar taro zan zauna a layi na uku, in bar shi ya gama, a tafa masa, sannan in ɗaga hannu in yi tambaya ɗaya: ka gwada manhajar nan a kan hiliyom da wannan adadin sassan? Zan zo da amsar a buge, kwafi da yawa, in raba wa na kusa da ni. Yanzu kullum da safe ni nake fara gaishe shi. Jiya har shayi na kawo masa, ya ce na cika 'yar halak.

Ka rufa mini asiri, kada Goggo ma ta ji. Kada ka rubuta wa kowa, kada ka yi komai. Babban abin da ke kare ni shi ne sunana ba ya kan takardar nan.

'Yarka.

Ɗiyata,

Albishirinki. Amma bari in fara da gaisuwa kada ki ce tsufa ya ɓata mini tarbiyya. Muna lafiya, an yi aikin, an cire bandeji, yanzu ina ganin komai har da furfurar Goggonki da ta daɗe tana ɓoye mini. Har yau ina gidan yayanki, likita ya hana ni hanya. Ba wanda ya leƙa gida, in kin aiko wani abu can yana nan yana jirana.

Takardarki ta ƙarshe da na karanta kafin in taho, kin ce kina so kowa ya san aikin na wane ne. Na kwanta a gadon asibiti ido a ɗaure maganar tana yi mini yawo a ka. Na ce wannan yarinya ba ta da kowa a can, ni kuwa ina da baki. Na sa Goggonki ta ɗauki biro na yi mata shifta. Takarda biyu, ɗaya ga Dogo, ɗaya ga shugaban tsangayarku. Na ce a duba ajiyar kwamfutar sashe a ga wa ya rubuta manhajar, tun yaushe. Na tuna wa Dogo waɗansu abubuwa na zamanin ɗakinmu waɗanda ba zai so in tuna wa wani ba. Goggonki ta ce kalmomin sun yi kaushi, na ce ta rubuta haka nan.

Ɗiyata, ko mako biyu ba a yi ba sai ga Dogo a wayar yayanki, murya kamar ta mai neman aure. Yayanki yana maimaita mini da ƙarfi. An duba, an gani. Sunanki zai hau takardar, kuma shi ne na farko. Na ce bai isa ba, ke za ki tsaya a taron ki gabatar, yaron ya zauna a ƙasa ya kalle ki. Ya ce an gama.

Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Shekara da shekaru ina haɗiye mutumin nan, yau na ji shi yana cewa don Allah. Ki sayi kaya masu kyau, ki tsaya ki miƙe, ki yi magana a hankali kada ki yi sauri yadda kika saba. Ba sai kin gode mini ba.

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi murna da idon ya buɗe. Ni ba ni da lafiya, kuma kai ne sanadi.

Wa ya aike ka? Ka tambaye ni me nake so, na faɗa maka, ban ce ka yi mini ba. Takardata tana can ƙarƙashin ƙofarka, in ka koma ka karanta ka ga abin da ka rusa. A taƙaice, sakamakon ƙarya ne, kuskuren kwamfuta ne, na gano na gyara, na yi shiru don Ɗan Gaban Goshi ya tsaya a gaban duniya ya faɗi shi da bakinsa. Ramin da na haƙa masa ka ɗauke ni ka ajiye a ciki, kana cewa ba sai na gode ba.

Farfesa ya kira ni ofis, fuska a murtuke, ya turo mini takardar. Sunana a farko, na Ɗan Gaban Goshi na biyu, nasa a ƙarshe. Ya ce an riga an aika mujalla a haka, an kuma gyara jadawalin taro. Ya ce bai san ina da manya a baya ba, da na faɗa masa tun wuri. Na tsaya ina kallon sunana, abin da na yi wata da watanni ina kuka a kansa.

Yanzu dubi inda nake. In na yi shiru na gabatar, na yi wa masana ƙarya da sanina, kuma duk ranar da wani ya gwada, sunan farko za a kira. In na je na faɗa wa Farfesa a ofis, za a janye takardar a ɓoye, a ce manhajar yarinyar nan ce ta sami matsala, Ɗan Gaban Goshi ya karkaɗe rigarsa ya wuce ko ƙura babu. Har ya fara. Da ya ji an sa sunana, cewa ya yi a gaban mutane shi dama bai damu da suna ba, ilimi ya sa a gaba. Mutane suna yaba masa, ni kuma ana kallona a matsayin wadda ta kai ƙara gida.

Ka ce ka ji daɗin jin Dogo yana cewa don Allah. To ka ji daɗinka. Tsohuwar gabarka ka rama, da bayana ka rama ta.

Ka gaishe da Goggo, ita ba ruwanta, ta ma ce maka kalmomin sun yi kaushi.

'Yarka, duk da haka.

Ɗiyata,

Na dawo gida lafiya. Kaji biyu sun mutu, maƙwabci ya ce zafi ne. Goggonki tana gaishe ki, ni kuwa ba ta yi mini magana sai da dalili.

Na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa, ta sha ƙasa. Na karanta ta, na karanta ta bayanta, na zauna a bakin gado na rasa inda zan sa kaina. Kin yi gaskiya. Na karanta layi ɗaya na hau dokin zuciya, kuma rabin abin da ya kai ni Dogo ne, ba ke ba. Ki yi haƙuri, ko da kin ce haƙuri ya ishe ki.

Amma ni malaminki ne kafin in zama mai laifi, don haka ki saurara. Gwajin hiliyom ɗin nan da gyaran da kika yi aiki ne mai kyau, ya fi sakamakon farko daraja, don wannan gaskiya ne. Shirun da kika yi kuwa ban so shi ba. Kin san lissafi ƙarya ne kika bari aka aika shi mujalla. Da wani ɗalibi a wata ƙasa ya ɗauka ya gina a kai fa? Shi me ya yi miki?

Ki je wurin Dogo ki rufe ƙofa ki nuna masa. Ku janye takardar, ku rubuta ta gaskiya. Yaron zai tsira, na sani, kuma wallahi ni ma abin yana ci mini rai, in na tuna shi sai in ji idon da aka gyara yana zafi. Amma Dogo ne mai sa hannu a kundin digirinki. In kika kunyata shi a zaure ba zai manta ba, na kwana ɗaki ɗaya da shi, na san yadda yake riƙo. Digirinki ya fi yaron nan tsada.

Ba zan rubuta wa kowa ba. Goggonki ta ma ɓoye biron.

Kawunki.

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya mayar da kajin. Na daɗe ban rubuto ba, na bari sai an gama komai don kada a sake samun mai taimako. Lafiyata lau, ina cin abinci, ina barci.

Na karanta shawararka, shawara ce mai kyau, ban bi ta ba. Abu ɗaya na ɗauka a ciki: tun kafin taro na rubuta wa mujallar a matsayina na mai sunan farko na ce su dakatar da takardar, akwai kuskure. Ɗalibin nan naka na wata ƙasa ya tsira. Wurin Farfesa kuwa ban je ba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa, sai in jiyo dariyar Ɗan Gaban Goshi a ciki in juya.

Ranar taro zauren ya cika, har da masu tsayuwa a baya. Su biyun suna layin gaba. Na yi magana a hankali yadda ka ce. Na bayyana hanyar, na nuna yadda adadin ke sauka, na nuna inda ya faɗa ƙarƙashin layi. Aka fara gyaɗa kai. Na ce waɗannan lambobi na ƙarshe abokin aikina ne ya gudanar da su ya tabbatar, haka aka rubuta a takardar, na roƙe shi ya miƙe a gan shi. Ya miƙe, ya juya ya ɗan rusuna, aka tafa masa. Na jira ya zauna. Sannan na sa hoton hiliyom.

Ba sai na yi bayani ba, mutanen nan sun san adadin hiliyom kamar sunayen 'ya'yansu. Na faɗi dalilin, na nuna gyaran, na nuna ukun sun tsaya a saman layi. Na ce sakamakon da ke cikin jadawali ba daidai ba ne, manhajar da ta haifar da shi ni na rubuta ta, na kuma nemi a dakatar da takardar.

Wata tsohuwar masaniya da ta zo daga nesa ta karɓi makirufo. Ta ce kuskuren sananne ne, kowa ya taɓa faɗa masa, amma tana so ta ji daga wanda ya tabbatar da lambobin, wane gwaji ya yi. Aka miƙa masa makirufo. Kawu, da ka ga fuskarsa. Ya kalli Farfesa, Farfesa yana kallon takalminsa. Sai ya ce shi gaskiya ba shi da hannu a ciki, aikina ne daga farko har ƙarshe, ko layi ɗaya bai rubuta ba, sakamakon ma a wurina ya fara gani. Na ce masa na baya ba su ji ba, ya ɗaga murya. Ya maimaita. Tsohuwar ta duba jadawalin da ke hannunta ta ce, to me sunanka yake yi a nan? Nan shugaban zaman ya ce lokaci ya ƙure.

Abin da ka hango ya faru. Washegari sakatariyar sashe ta kawo mini takarda, Farfesa ya cire hannunsa daga duba kundina, wai saboda yawan aiki. Sauran malaman duk wanda na je wurinsa sai ya ce ɗalibai sun yi masa yawa. Tsohuwar ta ce in aiko mata da gyaran ta gani, ba ta yi alkawarin komai ba. Digirin da ya rage mini watanni yanzu ban san ranarsa ba, ban ma san ko akwai shi ba. Inna ba ta sani ba tukuna, ka bar ni in faɗa mata da kaina.

An ce in kwashe kayana daga ofishin rukuni. Ina cikin sa littattafai a kwali Ɗan Gaban Goshi ya shigo. Shi ma kwamitin ladabtarwa ya kira shi, ya rame. Ya tsaya a bakin teburinsa ya ce, yanzu me kika samu, kin kashe ni kin kashe kanki. Na ce masa ya matsa, yana tsaye a kan wayar kwamfutata.

Za ka tambaye ni ko na yi nadama. Na zauna na binciki zuciyata da gaske, don in ba ka amsar gaskiya. Ina kuka in na tuna digirin, jiya ma na yi. Amma da za a mayar da ni bakin ƙofar Farfesa, juyawa zan sake yi.

Kai kuma na yafe maka rabi. Sauran rabin sai na zo, don yanzu ba ni da ofis, kuma ina bukatar tebur da wanda zai duba mini lissafi kafin in aika wa tsohuwar. Ka ce wa Goggo ta fito da biron, ta share mini ɗakin baya.

'Yarka.